Basira muna da ita, tabbas ne babu 🧵

1/ Kullum sai ka ji ana cewa matasanmu ba su iya ƙirƙira ba, sai kwaikwayo. Wani ya kafa lemar POS, kafin wata guda layin ya cika da lema goma. Ni dai ban yarda basira ce ta yi ƙaranci ba. Ku biyo ni.

2/ Mai masana'anta in kasuwa ta tsaya, zai jibge kayansa a sito ya jira. Mai sana'ar hidima fa? Mai kai saƙo a babur, mai otal, mai manhajar tura kuɗi. Ranar da bai yi aiki ba ta tafi kenan har abada. Ba a ajiye hidima a sito.

3/ Shi ya sa dokar da ake kwana a tashi da ita ta fi yi masa illa. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin. Gokada da ORide sun riga sun zuba kuɗi a babura da horar da direbobi. Gokada ta sallami ma'aikata ta koma kai kaya, ORide kuwa ta tsaya.

4/ Yunin 2021 aka rufe Twitter a Najeriya, sai Janairun 2022 aka buɗe. Wata bakwai fa! Duk mai sayar da turare ko atamfa a nan ta san yadda ciniki ya kasance. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a Zamfara. Mai POS da babu sabis, me zai sayar?

5/ Afrilun 2024 CBN ya dakatar da OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint daga buɗe wa sababbin mutane asusu, sai a Yuni aka sake su. Manya kenan, masu lauyoyi da jari. Ina ga ƙaramin kamfani a Zoo Road?

6/ Ga kuma banki. Ka je neman rance, a ce kawo takardar fili ko gida. Kai kuwa dukiyarka manhaja ce da amanar kwastomomi, ba a jinginar da su. Sai ka ci bashin ’yan uwa, ga kuɗin mai na janareta yana jiranka.

7/ To wa zai sa kuɗin gadonsa a sabon abu da sanarwa ɗaya za ta iya kashewa? Gara ya yi abin da ya ga maƙwabci yana ci da shi. Kwaikwayon nan da muke zagi, wallahi lissafi ne.

8/ Na san za a ce tsaro ne ya jawo wasu matakan, wasu kuma don daƙile halatta kuɗin haram. Haka ne, ba wanda ya ce a bar kasuwa kara zube. Amma a kira masu sana'ar a ji ta bakinsu, a ba da wa'adi, a faɗi ranar da za a sake duba dokar.

9/ An sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha tun Oktoban 2022. Madalla. Sai dai mai jari ba takarda yake dubawa ba, abin da aka yi wa na gabansa yake kallo.

10/ Masu sana'ar hidima, wace doka ce ta taɓa tsayar muku da aiki rana tsaka? Ku faɗa a ƙasa, a tura wa ’yan majalisarmu su gani.