Tsaunukan Ayar: wa zai kula da su bayan ƙaurar ƴan yawon buɗe ido?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyi ke sauka a jihar Agadas, a da akan ga ayarin baƙi goye da jakunkuna suna hawan tsaunukan Ayar da ƙafa, jakuna ko raƙuma na ɗauke da ruwa da abinci. Wasu kan nufi Bagzan, inda ƙololuwar Idoukal-n-Taghès ta kai mita 2,022, wuri mafi tsawo a Nijar. Wasu kuma kan bi ta Timiya da Iferwan su kutsa cikin gandun dajin Ayar da Tenere. Yau wannan sana'a ta kusa mutuwa, kuma mutuwarta na shafar makomar gandun dajin kansa.

An kafa gandun a 1988, faɗinsa ya haura hekta miliyan 7 da dubu 700. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1991, amma shekara ɗaya kacal bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, sakamakon tawayen Abzinawa da ya ɓarke a yankin. Sama da shekaru 30 ke nan bai fita daga wannan jeri ba.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 harkar ta farfaɗo. Jiragen haya kan taso daga Faransa kai tsaye zuwa filin jirgin Agadas, wanda ke ɗauke da sunan Mano Dayak, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tallata yankin ga Turawa. Sai dai a Fabrairun 2007 ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya fara, aka dasa nakiyoyi a kan hanyoyi. Kafin a gama murmurewa, a Satumban 2010 ƙungiyar AQMI ta sace mutane 7 a Arlit, 5 daga cikinsu Faransawa. Tun daga nan ƙasashen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan fenti a taswirarsu ta gargaɗi. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ɓacin dangantaka da Faransa sun ƙara tsuke ƙofar, sannan sace wasu mata biyu a cikin garin Agadas a 2025, ɗaya ƴar Ostiriya, ɗaya ƴar Suwizalan, ya kashe gwiwar sauran masu sha'awar zuwa.

Abin da ya bambanta tafiyar ƙafa da yawon mota a kan rairayi shi ne yadda kuɗinta ke rarrabuwa. Mota kan ratsa ƙauye ta bar ƙura kawai. Matafiyin da zai yi mako guda a kan dutse kuwa yana bukatar ɗan jagora, da mai dafa abinci, da mai jakuna. Yana sayen lemo da rumman a lambunan Timiya, yana sayen cuku wurin mata makiyaya, ya kuma koma gida da azurfar maƙera da kayan fata. Haka kuɗin ke shiga hannun mutanen da ke zaune a cikin tsaunukan.

Akwai kuma wani amfanin da ba a cika lissafawa ba. Ɗan jagoran da cinsa da shansa suka dogara ga nuna wa baƙo ragon dutse ko barewa, ba zai zuba ido a harbe su ba. Ya san inda ruwa ke kwanciya a cikin kwazazzabai, ya san duwatsun da ke ɗauke da zanen mutanen da, kuma shi ne zai fara ganin sawun motar mafarauta. A fili mai girman wannan gandu, jami'an gandun daji kaɗai ba za su iya sa ido a ko'ina ba.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, mutane sun nemi wata hanyar ci. Direbobi da dama sun koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta aikin, kafin hukumomin soja su soke ta a Nuwamban 2023. Wasu sun bi zinariyar da aka gano a Jado da Tchibarakaten a 2014, kuma haƙar ta bazu zuwa wasu sassan Ayar. Ba wanda zai zargi magidanci don ya nemi abin ciyar da iyali. Amma sansanin masu haƙa na bukatar itace, da ruwa, da nama, kuma daga dajin ake samo su. Jiminar da a da ke yawo a kwarurukan Ayar ta ɓace daga daji, sai waɗanda ake kiwo a killace. Barewar nan da ake kira dama, wadda ta kusa ƙarewa a duniya, ƴan kaɗan ne suka rage a tsaunin Takolokuzet.

Saboda haka zaman jiran ranar da Turawa za su dawo ba dabara ba ce, domin ba a Yamai ake zana taswirar gargaɗinsu ba. Abin da ke hannun hukumomi shi ne su ɗauki tsofaffin ƴan jagora aikin sa ido a gandun, da albashi, su haɗa su da matasa kafin iliminsu ya bi su kabari. Na biyu shi ne neman baƙi na gida. Bikin Ayar da ake yi a Iferwan ya nuna cewa ƴan Nijar na iya cika gari idan an shirya musu. Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014, da na Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, suna da ɗaliban labarin ƙasa da na ilimin halittu waɗanda yawancinsu a littafi kawai suka san Ayar. Tafiyar kwana uku a Bagzan daga Tabelot, da ɗan jagora na gari, za ta amfani ɗalibi da ƙauyen da ya sauke shi.

Gaskiya ne baƙon gida ba zai kashe abin da Bature ke kashewa ba, kuma ba za a tura ɗalibai hanyar da ba a tabbatar da tsaronta ba. Hanyar Tawa zuwa Agadas ma ta daɗe tana wahalar da matafiya. Wannan na nufin a fara da kaɗan, a wuraren da jami'an tsaro da shugabannin al'umma suka amince da su, a lokacin sanyi. Idan aka bar sana'ar ta mutu gaba ɗaya, ko an samu zaman lafiya gobe, za a rasa waɗanda suka san hanyoyin tsaunukan, kuma da wuya a tarar da dabbobin da suka sa duniya ta san gandun.