Sharhi: Guraben Aikin Jin Daɗin Jama'a a Unguwar Xiaobei

Duk ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya taɓa zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, da wuya a ce bai taka unguwar Xiaobei ba. A nan ne dogon benen nan na Tianxiu yake, wanda tun farkon shekarun 2000 ya zama matattarar fatake daga Mali da Gini da Nijar da Nijeriya, kuma a lungunan Dengfeng da ke daura da shi ne baƙo Musulmi kan sami masauki da abincin halal. An san unguwar da dillalai da tafintoci da masu aika kaya ta jirgin ruwa. Amma akwai wata sana'a da take matuƙar bukata, wadda jami'o'in Afirka ke yaye ɗalibai a kanta kowace shekara, da yawansu kuwa su ƙare da yawon neman aiki, watau sana'ar kula da jin daɗin jama'a.

Bukatar a fili take ga wanda ya san dokar ƙasar. Dokar shige da fice da ta fara aiki ran 1 ga watan Yuli na 2013 ta wajabta wa baƙon da bai sauka a otal ba ya yi rajistar masaukinsa wurin 'yan sanda cikin sa'o'i 24. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa kuwa, ana iya cin sa tarar yuan 500 a kowace rana har zuwa yuan 10,000, ko a tsare shi na kwana 5 zuwa 15. Sau da yawa ba mugun nufi ke jefa mutum cikin wannan hali ba. Masana'anta ce ta yi jinkirin haɗa kayan da ya riga ya biya, ya ƙi tafiya ya bar dukiyar mutane, kwanaki suka ƙare masa. Daga nan sai ya fara ɓuya, ya ƙi zuwa asibiti ko da ciwo ya ci ƙarfinsa. Haka kuma akwai 'ya'yan da aka haifa tsakanin 'yan Afirka da matan Sin, a ƙasar da ba ta amince mutum ya riƙe shaidar zama ɗan ƙasa biyu ba, inda takardar da iyaye suka zaɓa wa jariri ke shafar makarantar da zai shiga. Irin waɗannan matsaloli ne aka horar da jami'in jin daɗin jama'a a kansu: ya saurari mutum, ya rubuta bayaninsa, ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ya bi maganar har ƙarshenta.

An ga illar rashin irin wannan jami'i fiye da sau ɗaya. A watan Yuli na 2009 da kuma watan Yuni na 2012, ɗaruruwan 'yan Afirka sun yi zanga-zanga a titunan birnin, ta farko a kan samamen duba takardu, ta biyu bayan mutuwar wani ɗan Nijeriya a hannun 'yan sanda. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, masu gidajen haya da otal-otal sun kori 'yan Afirka da dama, wasu suka kwana a bakin titi, har kakakin majalisar wakilan Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin Zhou Pingjian domin ya yi bayani. Alƙaluman hukumomin birnin sun nuna cewa 'yan Afirka 13,652 ne ke Guangzhou a watan Disamba na 2019, kafin adadin ya faɗi zuwa 4,553 a watan Afrilun. Nauyin nemo wa mutane abinci da makwanci ya faɗa ne a kan shugabannin ƙungiyoyin 'yan ƙasa da 'yan sa kai da jami'an jakadanci ƙalilan.

Ita ƙasar Sin ba ta bar fagen fayau ba. Bayan ta soke koyar da wannan fanni a 1952, ta farfaɗo da shi a ƙarshen shekarun 1980, ta kuma fara jarrabawar ƙasa ta tantance ma'aikatansa a 2008. Birnin Guangzhou ya yi fice wajen ba ƙungiyoyi masu zaman kansu kwangilar gudanar da cibiyoyin hidimar iyali a unguwanni, kuma cibiyar Dengfeng ta buɗe sashe na musamman domin baƙi, inda aka riƙa koyar da Sinanci kyauta da ba da shawara kan takardu da lafiya. Wannan abin yabo ne. Sai dai mutumin da bizarsa ta mutu ba zai kai kansa ofishin da gwamnati ke biyan kuɗinsa ba, komai kirkin wanda ke zaune a ciki.

To, ko ɗan Afirka mai digiri zai sami gurbi a irin waɗannan cibiyoyi? Ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Da Sinanci ake rubuta jarrabawar, kuma izinin aiki na baƙi, wanda aka kasa aji uku tun 2017, yakan nemi digiri da gogewar shekara biyu, ko da yake an sassauta wa waɗanda suka yi digiri na biyu a jami'o'in ƙasar. Ɗaliban Afirka a Sin sun haura 81,000 a 2018, saboda haka hanyar ba a toshe take ba, amma bai kamata a ruɗi matashi cewa takardar da ya samo daga gida kaɗai za ta ishe shi ba.

Gurbin da ya fi kusa yana hannun 'yan kasuwar ne da kansu, kuma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A zangunan Kumasi da Sabon Ibadan, fatoma ne ke sauke baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya yi jinyarsa, in ya rasu ya yi masa sutura, yana samun ladansa daga la'ada. A Guangzhou kamfanonin aika kaya da dillalai sun gaji rabin aikin fatoma, watau rabin da ke kawo kuɗi. Ɗaya rabin an bar shi ga wanda Allah Ya ba tausayi. Ƙungiyar da mambobinta ke loda kwantena zuwa Legas da Kwatano ba za ta gaza biyan albashin ƙwararre guda ba, wanda zai riƙe rajistar marasa lafiya da waɗanda ke tsare, ya raka mutum asibiti, ya yi sulhu tsakanin miji da surukansa Sinawa. Ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke birnin shi ma ya cancanci samun irin wannan jami'i, domin horon diflomasiyya daban yake da na lallashin wanda ya yi asarar jarinsa.

Sauran guraben suna gida. Wanda aka koro daga Sin yakan sauka da bashi da kunya, wani lokaci da taɓin hankali, kuma karɓar irinsa aiki ne da ya shafi hukumar ƙaura ta duniya IOM, da hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare. Dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen 2022, ta ba masu digirin matsayin da suka daɗe suna nema.

Abin da ya rage shi ne harshe. Cibiyoyin Confucius biyu na farko da aka buɗe a Nijeriya domin koyar da Sinanci suna Awka ne da Legas, alhali fataken Kantin Kwari da Kasuwar Wambai na cikin masu tururuwa zuwa Xiaobei. Ya kamata jami'o'in Kano da Zariya da Yamai su haɗa darasin Sinanci da na jin daɗin jama'a, su kuma nemi ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu zuwa Guangzhou domin sanin makamar aiki.