Idon Zomo Ba Ma'aunin Turare Ba Ne

Duk lokacin da na tayar da maganar nan a rediyo, amsar masu bugo waya ɗaya ce: mutum bai ƙoshi ba, wa zai yi kukan zomo? Na ji, amma ban yarda ba. Mu da ba ma fita biki ko Juma'a sai da turare, mu ya fi kamata mu tambayi yadda ake tabbatar da ingancinsa.

Tun 1944 John Draize na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya fito da gwajin da ake ɗiga sinadari a idon zomo, ko a aske masa gashi a shafa, a yi kwanaki ana kallon kumburi. Zalunci ne, kuma awo ne gurgu, domin idon zomo bai kai namu hawaye ba, fatarsa kuma ta fi tamu saurin tsotse abu.

Mai cewa babu wata hanya, labarinsa ya tsufa. Yau ana renon ƙwayoyin fatar ɗan Adam a ɗakin bincike har su haɗu su zama fata, kamar EpiSkin na kamfanin L'Oréal a birnin Lyon. Kamfanin turare na Givaudan ya ƙirƙiro KeratinoSens, mai nuna ko sinadari zai jawo ƙaiƙayi da borin jini. Gwajin ido kuwa ana yin sa da idon saniyar da aka riga aka yanka a mahauta. Ƙungiyar OECD ta amince da su duka. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada kan dabbobi tun Maris 2013, turaren Faransa kuma bai daina ƙamshi ba.

Sai dai Turawan sun rufe ƙofa sun bar taga. A 2023 kotun Tarayyar ta ce dole kamfanin Symrise na Jamus ya gwada wasu sinadarai biyu kan dabbobi, wai don kare ma'aikatan masana'anta. Me ya rage na haramcin?

Mu kuma namu ya fi muni. Humra da turaren da ake haɗawa a kwalabe a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, wa ya gwada su? Wuyan amarya da fatar jariri su ne ɗakin gwajin. Hukumominmu su tilasta wa masu shigo da man turare nuna takardar gwaji, kuma gwajin ya zama na sabuwar hanya. Ta haka za a tsare fatar mutum ba tare da an makantar da zomo ba.