A Sauƙaƙa Sallamar Masu Danne Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, shugabannin ƙasar nan sukan taru a Abuja da manyan biranen jihohi, a busa begila, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. An zaɓi wannan rana ne saboda a cikinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Al'ada ce mai kyau, ba kuwa mai hankalin da zai ce a bar ta. Amma fa in taro ya watse, manya sun shiga motocinsu, tsohon sojan da aka yi bikin dominsa sai ya koma gaban teburin wani ma'aikaci wanda abincinsa ke hannunsa. Ra'ayin wannan jarida shi ne, ma'aikacin da aka ɗora wa hidimar tsofaffin sojoji, in ya kasa, ko ya ƙi, ko ya mai da haƙƙinsu abin ciniki, ya kamata sallamarsa ta zama abu mai sauƙi, mai sauri, wanda kuma kotu ba za ta rushe ba. Na ukun nan shi ne mai wuya, shi ne kuma masu ɗoki suka fi mantawa da shi.

A ɗauki misalin Gawu Babangida, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, a ƙasar Suleja. Kamar sauran garuruwan Arewa, wannan yanki da ya haɗa da Lambata da Izom da Diko ya ba da 'ya'yansa ga aikin soja. Kowa ya san yadda rundunar sojan Nijeriya ta tashi daga mutum wajen 10,000 kafin 1967 ta kai wajen 250,000 a ƙarshen yaƙi, kuma ba daga sama waɗannan samari suka faɗo ba, daga irin waɗannan ƙauyuka aka kwaso su. Ƙannensu sun je Laberiya tun daga 1990, sun je Saliyo, 'ya'yansu kuma su ne suka yi ta fama a dajin Borno. Tsohon sojan Gawu yana da sa'ar da dubban 'yan uwansa ba su da ita, domin ofishin Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja yana kusa da shi, yana iya yin sammako ya je ya komo ya kwana a ɗakinsa. To, in har takarda ta maƙale wa wanda ke bakin ƙofa, ya sha zirga-zirga kuɗin mota ya cinye ɗan abin da ya samu a gona, ina ga na Illela ko na Gaidam? Ina ga wanda tsufa ya riske shi yana gadi a Apapa ko Ikoyi, wanda in ya bar bakin ƙofar maigidansa kwana uku sai ya tarar an sa wani?

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi fiye da yadda wasu ke zato. A Agege da Idi-Araba, a Sabon Badun da Shagamu, a Anacha da Fatakwal, da wuya a sami zangon da babu tsohon soja a cikinsa. Wanda ma bai taɓa sa kaki ba yana da uba ko kawu a gida da ke jiran fansho. Ranar da kuɗin tsoho suka tsaya, aljihun ɗan da ke Ikko ne zai ɗauki nauyin hatsi da magani. Watau ke nan ragwancin ma'aikaci guda a Abuja haraji ne a kan mai sayar da goro a Agege, haraji kuma wanda ba majalisar da ta zauna ta yanke shi.

Haƙƙin tsohon soja ba hannu ɗaya yake bi ba. Sai an tattara tarihin aikinsa daga rundunarsa, a lissafa shekarunsa da muƙaminsa, a aika wa hukumar fansho, ita kuma ta jira Ma'aikatar Kuɗi ta saki kuɗi, sa'an nan banki ya zuba. In ya rasu, matarsa da marayunsa su ne za su shiga neman takardar shaidar mutuwa da ta shaidar magaji. A kowane mataki akwai tebur, a kowane tebur akwai mutum. Mafi yawan waɗannan mutane suna aikinsu tsakani da Allah, da albashin da bai taka kara ya karya ba, wajibi ne a faɗi haka. Amma mutum ɗaya da ya jefa fayil a ƙasan durowa, ko ya rubuta lambar asusu ba daidai ba ya ƙi gyarawa, ya isa ya ɓata wahalar goma. Waɗanda ke cikin kaki dokar soja tana kansu, horonsu ba ya daɗewa in manyansu sun so. Farar hula kuwa wata hanya ce daban, a nan gizo ke saƙar.

Tsarin mulkin 1999 ya ba Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ikon ɗauka da horo da kora. A ƙa'idojin aikin gwamnati, hukumar ta sakar wa manyan sakatarori ikon korar ƙananan ma'aikata daga mataki na 6 zuwa ƙasa, amma daga mataki na 7 zuwa sama sai magana ta koma gare ta. A lura da wannan da kyau. Masinja da direba da ƙaramin akawu, tun can korarsu ba ta da wuya. Wanda sa hannunsa ke tsai da fayil ko ya sake shi, shi ne wanda sai an ba shi takardar tuhuma, ya ba da amsa, kwamiti ya zauna, a rubuta wa hukuma, hukuma ta sa rana. Kafin a gama an yi wa shugaban da ya fara tuhumar canjin wurin aiki, magana ta bi ruwa. In ma an kai ga kora, akwai kotu. Tun shari'ar Shitta-Bey a 1981 da ta Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, Kotun Ƙoli ta kafa cewa ma'aikacin da doka ta tsara aikinsa ba a korarsa sai an bi kowane mataki, in an tsallake ɗaya a mai da shi kujerarsa a biya shi albashin duk shekarun da ya yi a gida. Hukunci ne na adalci, amma ya sa shugabanni da yawa sun gwammace su tura malalaci wani ofishi, ya je can ya ci gaba da halinsa, da su ɗauko wa kansu shari'ar shekara da shekaru.

Wanda ke da uwa a gindin murhu kuwa, ko an kore shi yana iya komowa. Abdulrasheed Maina, wanda aka ba shugabancin kwamitin gyaran harkar fansho a 2010, an kore shi daga aiki a 2013 saboda ya gudu ya bar aikinsa ana nemansa. A 2017 sai jama'a suka wayi gari suka ji ya koma aiki a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, har da muƙamin darekta. Sai da ƙasa ta ɗauki kururuwa Shugaba Buhari ya ba da umurnin a fitar da shi, sai a Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure shi shekara 8 a kan kuɗi sama da Naira biliyan 2. Haka John Yakubu Yusufu na ofishin fanshon 'yan sanda, wanda a 2013 aka ba shi zaɓin tarar Naira 750,000 ya biya nan take ya tafi gida, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara 6 da tarar Naira biliyan 22.9. Ba kuɗin sojoji ne waɗannan suka taɓa ba, amma gidan gwamnati ɗaya ne, ƙa'idar aiki ɗaya ce, ƙaramin ma'aikaci kuma yana kallo yana ɗaukar darasi.

To, amma kada ɗoki ya kwashi kowa. Ƙasar nan ta taɓa gwada kora ba tare da wata-wata ba. Bayan Janar Murtala Muhammed ya hau mulki ran 29 ga Yuli 1975, an sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu a rediyo suka ji sunayensu. Jama'a sun yi tafi, ba kuwa za a ce ba su da dalili ba, domin a cikin waɗanda aka share akwai ɓarayi da mashaya da waɗanda ofis ya zame musu wurin barci. Amma guguwar ta haɗa da mutanen kirki waɗanda laifinsu kawai wani ya ƙi jininsu ya rubuta sunansu. Har Babban Jojin Ƙasa, Taslim Elias, an sauke shi, mutumin da daga baya ya shugabanci Kotun Duniya. Waɗanda suka tsira sun koyi abu guda: kujera ba ta da tabbas, saboda haka kowa ya tara abin da zai tara tun da sauran rana. Dokar Soja mai lamba 17 ta 1984 ta sake buɗe wannan ƙofa, har ta hana kotu sauraron ƙarar wanda aka kora. In da kora barkatai tana gyara aikin gwamnati, da tsofaffin sojoji ba su kwana a titunan Abuja suna jiran fansho a farkon shekarun 2000 ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Amurka ma ta bi wannan hanya kwanan baya. A 2014 aka gano cewa a asibitin tsofaffin sojoji na birnin Phoenix ana ɓoye jerin sunayen marasa lafiya masu jiran likita domin a nuna wa manya aiki na tafiya daidai, wasu kuwa sun mutu suna jira. Ministan ma'aikatar, Janar Eric Shinseki, ya yi murabus. A Yuni 2017 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta gajarta lokacin tuhuma ta kuma rage nauyin hujjar da ake bukata kafin kora. An kori dubbai, amma ƙungiyar ma'aikata ta yi ta kukan cewa masu shara da masu dafa abinci da mataimakan jinya ne suka fi shan wuƙar. Kotuna suka yi ta rage wa dokar ƙarfi, har a 2023 ma'aikatar ta daina aiki da wannan sashe, ta kuma yi sulhu da ƙungiyar a kan mai da wasu bakin aiki ko biyansu diyya. Ƙasa mai kuɗi da lauyoyi ke nan. Dokar da aka ɗinka cikin fushi ba ta jure wanki.

Akwai kuma wani abin da bai kamata a bar jaki a doki taiki a kansa ba. Lokacin da tsofaffin sojoji suka toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Disamba 2024, suka sake komawa a Janairu 2025 da rumfunansu da kujerunsu, ba wani akawu suka je nema ba. Bashin ƙarin fansho suke bi, kuɗin da aka amince da su amma ba a saki ba. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi. In gwamnati ba ta saki kuɗi ba, korar akawu ɗari ba za ta sa kobo ya shiga asusun kowa ba. Duk dokar da za a yi, in ba ta hau har kan teburin darekta da babban sakatare ba, zalunci ne aka sake wa riga.

Abin da wannan jarida ke nema ga Majalisar Tarayya ba mai yawa ba ne. Kafin a ce mutum ya kasa, sai an san abin da aka ce ya yi. Saboda haka kowace takardar tsohon soja ko ta magajinsa, ranar da aka karɓe ta a ba shi rasit mai kwanan wata da sunan ma'aikacin da ta shiga hannunsa, doka kuma ta yanke adadin kwanakin da fayil zai yi a kowane tebur. Wanda ya wuce wa'adi ba tare da dalili a rubuce ba, a gargaɗe shi. In ya maimaita, a tuhume shi, a saurare shi kamar yadda sashe na 36 ya wajabta, a yanke hukunci cikin kwanakin da doka ta ƙayyade, kada hukuma ta sami damar kwantar da maganar. Wannan rasit shi ne hujjar da alƙali ba zai iya turewa ba, shi ne kuma garkuwar ma'aikacin kirki ranar da wani shugaba ya so ya huce haushinsa a kansa, ko ya kore shi don ya sa ɗan garinsu. 'Yan Arewa da ke aikin tarayya sun san wannan tsoro ba na banza ba ne. Wanda aka kora ya sami damar zuwa Kotun Ma'aikata, ita ma a yanke mata wa'adi. Wanda aka kama ya karɓi na goro daga hannun matar mamaci kuwa, maganarsa ta wuce canjin ofis, a miƙa shi ga masu gurfanarwa. Ma'aikacin da ya tona asirin irin wannan, doka ta hana a taɓa shi.

Ya kamata kuma Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya, wadda doka ta kafa tun 1964, ta sami kujera a kwamitin da zai riƙa duba waɗannan ƙararraki, a kuma riƙa buga yawan fayilolin da suka wuce wa'adi duk wata uku, ofis ofis. Sarakunan Hausawa na zangunan Kudu da rassan ƙungiyar suna iya fara nasu aikin tun yau, ba sai sun jira doka ba: su rubuta sunan kowane tsohon soja da kowace matar mamaci da takardarsu ta maƙale, da ranar da aka kai ta, da inda ta tsaya, su damƙa wa ɗan majalisar mazaɓar mutumin ta gida. Na Gawu Babangida a kai wa wakilin Gurara, Suleja da Tafa a Majalisar Wakilai, a kuma nemi amsarsa a rubuce.