Adar na da ƙafa, fili ne babu

Idan saurayi ya fito da asuba yana gudu a bakin titin Madawa, tambayar farko da za a yi masa ita ce: "Lafiya? Me ya koro ka?" A ƙasar Adar ana girmama ɗan kokawa, ana yi masa kirari, amma mai gudu ba tare da an biyo shi ba, kallon marar aikin yi ake masa. Wannan kallo kuskure ne, kuma addini ma bai goyi bayansa ba.

Mu ɗauki misalin tseren nesa: rabin gudun yada ƙanin wani kilomita 21 ne da ƴan mitoci. Zakarun maza na Kenya, Habasha da Yuganda kan gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Letesenbet Gidey ta Habasha ta kafa tarihin mata a Balensiya a 2021 da awa ɗaya da minti biyu da daƙiƙa 52. Gama-garin mutum kuwa sai ya ci awa biyu ko fiye. Wajen kilomita na 15 ake gane wanda ya shirya: maƙogwaro ya bushe, cinya ta yi nauyi, zuciya ta fara raɗa masa cewa ya zauna a inuwa, ai babu wanda zai zage shi. Nan addu'a ke da amfani ƙwarai, amma ga wanda ya yi watanni yana motsa jiki. Wanda ya kwana ya tashi ya shiga layi, ya ce ya dogara ga Allah, ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi.

Mutanen Keita sun riga kowa sanin haka. Bayan farin 1984 an yi roƙon ruwa, sannan aka ɗauki gammo. A aikin raya Adar-Dutsi-Maggiya, wanda Italiya ta ba kuɗi tare da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa, don maza sun tafi cirani. Su suka yi ta jidar duwatsu a ka, suna jera su a gangaren tudu don tare ruwan sama, ana biyan su da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa. A kwarin Maggiya na wajen Buza kuma, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE sun daɗe suna kare gero daga iska. Wanda ya dasa bai ga inuwa a shekarar farko ba, haƙuri ya yi, kamar mai tsere da bai hango ƙarshen hanya ba tukuna.

Ga masu ganin gudu rashin kamun kai ne, sai su tambayi alhazan garinsu. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa zagaye bakwai ne, sama da kilomita uku, kuma maza kan sassarfa tsakanin korayen fitilu, ana tunawa da Nana Hajara da ta nema wa ɗanta ruwa. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko.

Lambobin Olamfik biyu kacal Nijar ta taɓa samu: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdoulrazak Issoufou Alfaga a takwando a 2016. A gudu babu ko ɗaya, alhali yaran da ke bin awaki a duwatsun Buza kullum suna cin kilomitocin da babu mai ƙirga musu.

Shirya tsere ba ya neman filin wasa na miliyoyi. Hanya ce, da jarkokin ruwa, da malamin asibiti, a yi shi da sanyin Disamba ko Janairu. Mahukuntan Madawa, Buza da Keita, da sarakuna da limamai, su haɗa kai su ware rana ɗaya a shekara, kuma a buɗe rajista ga ƴan mata ma.