Ba Duk Abin da Ya Turnuƙe Boɗinga da Shagari Ne Hazo Ba

Da hunturu ya kama, duk abin da ya turnuƙe sararin Boɗinga da Shagari hazo ake kiransa, alhali hayaƙin da za a iya ragewa yana fakewa a ciki. Awon sinadarai yana rarrabewa: ƙurar Bodele ta Chadi tana tafe da silikon da alminiyam, ƙona itace da kara yana barin fotasiyam, tirelolin hanyar Sakkwato zuwa Jega kuwa baƙin kabon.

Kalsiyam ne mai rikitarwa. Yana cikin hazo, yana cikin ƙurar siminti, saboda haka awon hunturu kaɗai ba zai kama masana'antar Kalambaina ba, ba zai wanke ta ba. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta girke ma'auni a garuruwan biyu, rani da damina, tana lura da mahadar iska.