Nijeriya Da Nijar: Wa Ta Fi Arzikin Daji?

Kwanan baya gardama ta kaure a ajinmu a kan wace ƙasa ta fi arzikin daji, Nijeriya ko maƙwabciyarmu Nijar. Yawancinmu suka ce ai ba a haɗa su, wai Nijar ba ta da kome sai rairayi. Ni kuwa ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Gaskiya ne Allah Ya yi wa Nijeriya baiwa. Daga kurmin kudu mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, har zuwa filayen arewa, ƙasar kore ce. Muna da tsaunin Chappal Waddi a Jihar Taraba mai tsawon mita 2,419, ga dajin Yankari a Jihar Bauchi wanda aka keɓe tun 1956, inda ake samun giwa da ɓauna da gwanki, ga ruwan ɗumi na Wikki. Nijar kuwa yawancinta hamada ce. Sai dai ita ma tana da duwatsun Azbin, da Kogin Kwara wanda yake ratsa Yamai kafin ya iso mana.

To, amma 'yan'uwana ɗalibai, ina raƙumin dawa? A da yana yawo a dazuzzukan arewacin Nijeriya. Farauta da sarar itace suka ƙarar da shi. Yau irin na Afirka ta Yamma ba ya rayuwa a daji ko'ina sai a Nijar, musamman wajen Kure, kusa da Yamai. A 1996 saura 49 kacal. Hukuma ta hana kashe su, manoma suka haƙura suna zaune da su a bakin gonakinsu, har yawansu ya haura 600. A 2018 ma aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji don su yaɗu.

Haka kuma manoman Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1984 suka rage tumɓuke tohon gawo da sauran itatuwa a gona, suna gyara su suna barinsu su girma. Gonakin da suka zama fako suka sake yin inuwa.

Ba na cewa Nijar ba ta yi asara ba. Ita ma namun hamadarta, irin su jimina da barewa, sun ragu ƙwarai. Amma a ganina arziki ba yawan abin da aka ba ka ba ne, yadda ka riƙe shi ne. Mu an ba mu da yawa muna ɓarnatarwa, muna cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ba mu daina ƙona daji da sarar ɗanyen itace ba, wata rana 'ya'yanmu sai a littafi za su ga giwa, kamar yadda mu sai a hoto muke ganin raƙumin dawa. Allah Ya ganar da mu, amin.